Fanorama, tef, dron ko tauraron ɗan'adam: da wanne za ka bi sauyin ciyawa a filin kiwo?

Filin kiwo ba ya lalacewa rana ɗaya, shi ya sa yake da wuyar kamawa. Ciyawa mai ɗorewa tana raguwa kaɗan-kaɗan, ƙaya tana kutsowa daga gefe, fako yana ƙara taki ɗaya bana, taki ɗaya baɗi. Wanda ke ratsa wurin kullum idonsa ya saba, ba ya lura. Sai bayan shekara goma a zauna ana gardama: wannan ya ce da can ciyawar nan har ƙugu take kaiwa, wancan ya ce shi tun tasowarsa haka ya ga wurin. Kowa da gaskiyarsa yake magana, amma babu mai shaida a hannu.

Duk wanda aka ɗora wa kula da irin wannan fili, malamin gona ne ko ɗalibi mai bincike ko shugaban ƙungiyar makiyaya, hanyoyi huɗu ne a gabansa: hoton fanorama, wato hoton da ke zagaye wuri gaba ɗaya, daga turke guda, awo da tef a ƙasa, hoto daga dron, ko bayanan tauraron ɗan'adam. Kuɗi da lokaci ba sa isa a yi duka yadda ya kamata, dole a zaɓa. Ra'ayina shi ne fanorama ta cancanci zama ƙashin bayan aikin ga mafi yawan mutane, amma wanda ya dogara da ita ita kaɗai za ta yaudare shi a kan abu mafi muhimmanci, wato yawan ƙasar da ta tsiraita. Dalilan ke nan a ƙasa.

Komawa wuri ɗaya a sake ɗaukar hoto tsohuwar dabara ce. Sebastian Finsterwalder, masanin lissafi ɗan Jamus, ya fara bin ƙanƙarar tsaunukan Alps da ita tun 1888. A filin gwajin kiwo na Santa Rita, kudu da birnin Tucson a jihar Arizona ta Amurka, akwai hotunan da aka fara ɗauka a 1902 kuma ana ci gaba da komawa kansu. Idan ka jera su za ka ga itacen meskit mai ƙaya yana mamaye wuraren da da ciyawa ce zalla. Homer Shantz, masanin tsirrai ɗan Amurka, ya ratsa Afirka a 1919 da 1920 yana ɗaukar hotunan tsirrai, ya koma wuraren a 1956 da 1957. Kuma ba kullum labarin ke zama na lalacewa ba. Masanin labarin ƙasa Jan Nyssen da abokan aikinsa sun nemo wuraren da sojojin Ingila suka ɗauki hoto a arewacin Habasha a 1868, suka sake ɗauka bayan kusan shekara 140, sai ga shi a wurare da dama itatuwa sun fi yawa yanzu. Wannan ya fi burge ni, domin hoto ya ƙaryata abin da kowa ke ɗauka tabbas ne.

Matsalar hoto guda ita ce mai ɗauka ne ke zaɓen inda zai duba. Hoto na yau da kullum yana cin kusurwar digiri 40 zuwa 60, sauran digiri 300 suna bayanka da gefenka. Mutum kuwa yakan juya kyamara wajen da ya fi kyau ko wajen da ya fi muni, gwargwadon abin da yake son nunawa, ko da bai yi niyya ba. Bayan shekara bakwai sai ka tarar kwazazzabon da ya cinye filin ta bayanka ya taso. Fanorama tana kawar da wannan: ka tsaya kan turke, ka zagaya gaba ɗaya, abin da ke nan ya shiga ko kana so ko ba ka so. Tana kuma ɗauke da sararin sama da duwatsu da dogayen itatuwa na kowane ɓangare, waɗanda su ne za su taimaki wanda zai zo bayanka ya gane ainihin inda ka tsaya.

Sai dai fanorama suna ta tara, kuma a nan mutane ke ɓarnar kuɗi.

Mafi sauƙi ita ce ta waya, wadda kake jan hannu daga hagu zuwa dama wayar tana ɗinkewa da kanta. Ta isa a nuna wa mutane wuri, amma ban ba da shawarar a gina aikin shekaru a kanta ba. Hannu yana rawa, saurin juyawa yana canzawa, manhajar tana miƙe wani wuri ta matse wani, kuma waya takan ƙara wa launi armashi ba tare da ta tambaye ka ba. Idan aka sauya waya bayan shekara biyu, koren ma ya sauya. Ba za ka iya ɗora na bana kan na bara su dace ba.

Ta biyu ita ce kyamarar da ke ɗaukar zagaye gaba ɗaya da dannawa guda, mai gilasai biyu gaba da baya. Saurinta babu kamarsa: minti ɗaya ka gama, iska ba ta samu damar motsa ciyawa tsakanin hoto da hoto ba. Amma yi lissafi. Hoto tarin ƙananan ɗigon launi ne; idan faɗinsa ɗigo 5760 ne aka shimfiɗa shi kan digiri 360, kowane digiri ya samu ɗigo 16. A nisan mita 50, digiri ɗaya yana cin kusan santimita 87, ke nan kowane ɗigo ya rufe fiye da santimita 5. Za ka ga akwai kurmi a can, ba za ka san wane iri ba ne, ƙaramin tsiron ƙaya kuwa ya ɓace cikin ciyawa. Ga kuma rabin hoton da ke tafiya a kan sararin sama da ƙafafunka.

Ta uku ita ce kyamara ta sosai a kan maɗori mai ƙafa uku, kana juyawa kana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto yana hawa kan kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi, daga baya ka ɗinke a kwamfuta da manhaja irin Hugin, wadda kyauta ce, ko PTGui ta saye. Da gilashi matsakaici, hoto goma sha biyu zuwa ashirin sun zagaye. Idan ka sa gilashi mai jawo nesa na milimita 200 a kyamara mai cikakken faranti, wato mai babban farantin ɗaukar haske a cikinta, kowane hoto digiri 10 kawai yake ci. Hoto mai faɗin ɗigo 6000 zai ba ka kusan 580 a digiri guda, har a nisan mita 500 ɗigo ɗaya santimita ɗaya da rabi ne. Kuɗin wannan kaifi shi ne hoto sama da 50 a layi ɗaya, layi huɗu ko biyar kuwa ɗaruruwa ke nan. Hannu ba ya iya wannan ba tare da kuskure ba, shi ya sa aka ƙera na'urar GigaPan, wadda Jami'ar Carnegie Mellon da cibiyar Ames ta NASA suka haɗa hannu a kanta, daga fasahar da ke ɗinke hotunan motocin binciken duniyar Mars. Ita ke juya kyamara ta danna da kanta. Mary Nichols ta Ma'aikatar Gona ta Amurka da abokan aikinta sun wallafa gwajinta a filin kiwo a 2009, suna nuna cewa mutum zai iya kallon fili gaba ɗaya a allo sannan ya zuƙo har kan tsiro guda.

Abin sha'awa ne ƙwarai, amma sai a yi tambaya ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ɗaukar ɗaruruwan hotuna yana cin minti ashirin ko fiye, a cikinsu girgije ya gifta, iska ta kaɗa, saniya ta shiga hoto uku a wurare uku. Da rana ta yi zafi, turirin da ke tashi daga ƙasa yana narkar da duk abin da ke nesa, kaifin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Fayil ɗin ma yana da nauyin da ba kowace kwamfuta ke buɗewa ba. Idan aikinka ƙirga ƙananan itatuwa ne a gangaren tsauni mai fuskantarka, inda ƙasa ke miƙe kamar bango, wannan hanya ta dace. Idan fili ne shimfiɗaɗɗe, kyamara ta sosai da gilashi matsakaici ta ishe ka, kuma ita nake zaɓa.

Yanzu ga inda fanorama ke yaudara, kowace iri ce. Kyamara tana kallon ƙasa ne a karkace. A ce tana tsaye a mita ɗaya da rabi, ga tushen ciyawa mai tsawon santimita 30 a nisan mita 5 daga gare ka. Wannan tushe yana ɓoye mita ɗaya da kwata na ƙasar da ke bayansa. A nisan mita 20, tushe iri ɗaya yana ɓoye mita 5 cur. Ke nan filin da tushen ciyawarsa ke warwatse, taki uku tsakanin wannan da wancan, daga nesa zai fito kamar shimfiɗaɗɗen kore babu ko tsaga. Na taɓa faɗawa wannan rami. Na dawo daga wani fili da hotuna masu kyau, na rubuta a rahoto cewa wurin ya farfaɗo bayan hutun da aka ba shi. Da na koma na taka da ƙafa cikin wannan koren, sai ga ƙasa tsirara tsakanin tushe da tushe, ta yi ɓawo mai tauri, ga ƙananan hanyoyin da ruwa ya tsaga suna bi ta ƙarƙashin ganye. Ciyawar ta yi tsawo ne kawai saboda ba a ci ta ba, yawanta bai ƙaru ba. Sai da na janye maganata, kuma abin ya dame ni sosai, domin an riga an fara shirin mayar da dabbobi wurin bisa abin da na rubuta.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Fanorama ido ce, mudun kuwa tef ne.

Awon tef ba shi da ado. Ka miƙe tef tsakanin ƙarafa biyu, ka bi shi kana sauke siririn tsinken ƙarfe a tsaye a tazara iri ɗaya, ka rubuta duk abin da ya taɓa daga sama zuwa ƙasa: wane ganye, wace ciyawa, busasshen ganye ne a ƙasa ko dutse ko ƙasa tsirara. Hukumar BLM mai kula da filayen gwamnatin Amurka tana amfani da layi uku masu tsawon mita 25, ana sauke tsinke kowane rabin mita, maki 150 ke nan a wuri guda. Idan 45 suka faɗa kan ƙasa tsirara, kashi 30 cikin ɗari ne, lamba ce da za ka ajiye gefen ta baɗi. Wannan hanya kaɗai ce cikin huɗun ke gaya maka ko ciyawa mai ɗorewa, wadda saiwarta ke riƙe ƙasa shekara da shekaru, tana ba da wuri ga mai mutuwa duk shekara. Wannan sauyi shi ne farkon lalacewa, kuma daga sama duka biyun kore ne.

Wahalarta a bayyane take. Mutum biyu, awa ɗaya ko biyu a durƙushe cikin rana, kuma dole ɗayansu ya san tsirrai da sunayensu. Masu awo biyu kan saɓa a kan layi ɗaya. Da maki 150, bambancin kashi biyu ko uku tsakanin shekaru bai isa a kafa hujja da shi ba. Sannan lamba ba ta da fuska: ka ce wa taron masu dabbobi ƙasa tsirara ta tashi daga kashi kaza zuwa kashi kaza, za su gyaɗa kai su tashi. Ka shimfiɗa musu fanorama biyu, ta da da ta yanzu, su ga dutsen da suka sani da itacen da suka sani, sai magana ta ɓarke, kowa yana nuna wuri da yatsa. Gani ya kori ji.

Akwai hanyar tsakiya da nake so: a kan layin tef ɗin, kowane mita biyar, ka ɗaga kyamara ka ɗauki ƙasa kai tsaye daga sama. Daga baya manhaja irin SamplePoint, wadda masu binciken Ma'aikatar Gona ta Amurka suka fitar kyauta, tana zuba maki kan hoton kai kuma kana faɗin abin da kowanne ya taɓa. Aikin rana ya ragu, kuma idan aka yi gardama bayan shekara biyar hoton yana nan a sake ƙirgawa. Ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ganye, shi ne raunin ta.

Dron yana magance matsalar karkata gaba ɗaya, tunda daga sama yake kallo. Ƙaramin dron mai kyamarar ɗigo miliyan 20, a tsayin mita 40, yana ba da kusan santimita ɗaya a ɗigo, kuma daga hotunan da suka hau kan juna ana fitar da taswira har da tsayin itatuwa da zurfin kwazazzabo. Idan tambayarka ita ce mita nawa bakin kwazazzabo ya ci bana, ko kadada nawa sarƙaƙiya ta rufe, babu abin da ya kai shi. Amma batir ɗinsa minti 20 zuwa 30 ne, iska mai ƙarfi tana hana tashi, yawancin ƙasashe suna neman rajista ko izini kuma sun iyakance tsayi a kusan mita 120, wasu wuraren ma an hana kwata-kwata. Sarrafa hotunan yana son kwamfuta mai ƙarfi da wanda ya iya. Abin da ya fi damuna shi ne ɗorewa: aikin da aka gina kan na'ura ɗaya da mutum ɗaya yakan mutu ranar da na'urar ta faɗi ko mutumin ya sauya aiki. Bin sauyin ciyawa kuwa sai a shekara ta goma yake fara biya.

Tauraron ɗan'adam yana da abin da sauran ba su da shi, wato hotunan shekarun baya. Taurarin Landsat na Amurka suna shawagi tun 1972, da ɗigon da ke rufe mita 30 na ƙasa tun 1982, kowannensu yana dawowa kan wuri kowane kwana 16, kuma tun 2008 hotunansu kyauta ne. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ba da ɗigon mita 10 kusan kowane kwana biyar. Ko yau ka fara aiki, za ka iya duba yadda koren filinka ya yi ta hawa da sauka shekara arba'in da suka wuce, ka raba shekarar fari da lalacewa ta gaske. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, NDVI, yana kwatanta jan haske da ganye ke shanyewa da hasken da ido ba ya gani wanda ganye ke mayarwa. Amma ɗigon Landsat ɗaya murabba'in mita 900 ne a cakuɗe. Ma'aunin bai san ciyawar da dabba ke so da ƙayar da ba ta ci ba. Fili na iya ƙara kore a taswira alhali kurmi ne ke cinye kiwon. Busasshiyar ciyawa da ƙasa tsirara suna yi masa kama, gajimare kuma yakan rufe wurin daidai lokacin da ciyawa ke tashi. Tunda kyauta ne, ban ga dalilin barinsa ba, amma amfaninsa shi ne ya nuna maka inda za ka je ka kafa turke.

To, idan kai kaɗai ne ko ku biyu, da kuɗi kaɗan da fili mai faɗi, ka kafa turaku da yawa na fanorama, a kashi ɗaya cikin uku ko huɗu nasu ka ƙara layin tef, ko aƙalla hotunan kai tsaye daga sama. Idan abin da ake jayayya a kansa shigowar ƙaya ne ko mutuwar manyan itatuwa, fanorama kaɗai za ta kai ka nesa. Idan za a yanke hukuncin yawan dabbobi ko ranar buɗe fili bisa sakamakonka, kada ka sa hannu a komai sai da lambar tef. Dron a yi hayarsa sau ɗaya a shekara biyu ko uku don wuraren zaizaya, ba sai an saya ba. Mai kula da yanki mai girman da ba a zagayawa da mota a mako guda ya fara da tauraro, sannan ya sauko ƙasa.

Duk wanda ya zaɓi fanorama, turken ne zai ba shi wahala fiye da kyamarar. GPS na waya yakan kauce da mita uku zuwa biyar, kuma kaucewar mita uku ta isa ta sa itacen da ke gaba ya rufe wani abu daban. Turken katako gara za ta ci shi ko wuta ta ƙone shi. Fenti a jikin itace yana tafiya da itacen. Rodi na ƙarfe nake bugawa har ya kusa shafewa da ƙasa, don dogon turke yana jawo shanu su zo susa, su tattake daidai wurin da kake aunawa. Sai in auna nisansa da kusurwarsa daga abubuwa biyu da ba sa motsi, in rubuta. Kada a kafa duka a bakin hanya ko bakin mashaya saboda sauƙin zuwa: a sa wasu kusa da ruwa, wasu a tsakiya, wasu can nesa inda dabbobi ba su cika kaiwa ba.

A ranar ɗauka, tsayin kyamara ɗaya kowace shekara, a auna da tef. A daidaita maɗorin har kumfar awo ta zauna tsakiya, a fara daga arewa da kamfas, a juya ta hannun dama. A kulle haske da launi da saitin nisa da hannu, in ba haka ba kowane hoto zai fito da nasa hasken, ɗinkin ya yi zane-zane. Kyamarar ta juya a kan gilashinta, ba a kan jikinka ba, don kada na kusa da na nesa su goce wa juna. Sanda mai zanen santimita goma-goma a tsaye a nisan mita goma tana ba da ma'aunin tsayi. Lokaci kuma a bi matakin ciyawa fiye da kalanda: sau ɗaya a ƙarshen damina lokacin da ta fitar da kai ana iya gane irinta, sau ɗaya a ƙarshen rani lokacin da ake ganin abin da ya rage ya rufe ƙasa kafin ruwan farko. Hoton farko a kowane turke ya zama na allo ne mai lambar wurin da kwanan wata. A ajiye hotunan asali ɗaya-ɗaya tare da wanda aka ɗinke, a wuri biyu daban, sannan a buga na bara a takarda a tafi da shi fili, a riƙe shi gefen kyamara har dutsen da ke nesa ya zauna daidai inda ya zauna a wancan karon kafin a danna.